Cire mutum daga hoto ba tare da ɓata gefensa ba: amsa ga mai koyo a Jos

Tambaya

Wata 'yar'uwa daga Anguwar Rogo a Jos ta aiko da wannan: "Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara koyon gyaran hoto ba a wani shago da ake buga katin biki, sitika da fasta. Photoshop CS6 ne a kan tsohuwar laftof ɗin da nake aiki da ita. Duk sanda na cire mutum daga hoto zan ɗora shi a kan kati, sai gefen jikinsa ya fito da gargada, ga wani farin zare da yake kewaye kai da kafaɗa. Mayafin amarya kuwa bai taɓa yi min kyau ba, ko dai in cinye shi, ko ya fito da tsohon bango a cikinsa. Da Magic Wand da magogi nake aiki. Wasu sun ce sai na sami sabon Photoshop mai cire mutum da kansa. Kwamfutar ce ta gaza ko hannuna? Ta ina zan fara?"

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka a cikin abin da kika sa a gaba.

Kada ki ɗora wa laftof ɗin nan laifi. A 2012 CS6 ya fito, kuma duk abin da ake buƙata don a cire mutum tsaf yana cikinsa. Hannunki ma lafiyarsa ƙalau. Abu biyu ne suke ɓata miki aiki. Kina gogewa a inda ya kamata ki rufe, sannan kina yi wa kowane gefe magani iri ɗaya, alhali gefen hula daban, gefen gemu daban, gefen mayafi daban.

Magogin nan, ki ajiye shi daga yau. Abin da ya goge ya tafi ke nan. Da zarar kin adana aikin kin rufe, kunnen ango da kika cinye ba zai dawo ba, sai dai ki sake daga farko. Tela mai basira, idan riga ta yi wa yaro tsawo, ba ya datse ta da almakashi. Kalmashe ta yake yi ya ɗinke daga ciki, domin ya san baɗi za a dawo a ce a sake ta. Marufi shi ne kalmasar mai gyaran hoto. A Photoshop sunansa Layer Mask, kuma maɓallinsa yana can ƙasan akwatin leyoyi (Layers, wato shimfiɗun da ake jera hotuna ɗaya bisa ɗaya), ɗan murabba'i mai da'ira a tsakiya. Ki buɗe hoto, ki danna Ctrl da J ya yi miki kwafin leyar, ki kashe idon ta ƙasa, sannan ki danna maɓallin. Wani farin akwati zai bayyana a gefen ƙaramin hoton leyar. Duk inda kika shafa baƙi a kansa, hoton zai ɓuya a wurin. Inda kika shafa fari, ya dawo. Babu fiksel, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto, ko ɗaya da ya salwanta.

Abin da masu koyo da yawa suke tsallakewa shi ne toka-toka. Marufi ba baƙi da fari kaɗai ya sani ba, matakai 256 gare shi, daga 0 wato baƙi wuluk zuwa 255 wato fari fat. Toka mai duhu tana nuna hoton kaɗan, toka mai haske tana nuna shi sosai. Ki riƙe wannan da kyau, domin maganin mayafin amaryarki yana nan, zan zo kansa.

Hannun hagunki ya saba da maɓallai kaɗan. B na ɗauko buroshi. D na ba ki baƙi da fari, X na musanya su, don haka in kin zarce cikin kafaɗa sai ki taɓa X ki dawo da ita, ki sake taɓa X ki ci gaba. Maɓallai biyun nan da suke dama da harafin P suna rage girman buroshi da ƙara shi, in kin haɗa su da Shift kuma su sauya taurinsa. In kin riƙe Alt kika danna kan marufin za ki gan shi tsirara, baƙi da fari. In kin riƙe Shift kika danna, zai dakata na ɗan lokaci ki ga hoton asali. Kafin ki fara shafawa kullum ki duba cewa marufin ne aka zaɓa, ba hoton ba. Wanda aka zaɓa za ki ga an yi masa ɗan kewaye. In kika ga baƙin fenti ya hau fuskar mutum, to kan hoton kike, Ctrl da Z ki koma.

Yanzu farin zaren da yake damunki. Ki ɗauki hoton mutum sanye da shuɗiyar shadda a gaban farin bango, ki jawo shi kusa har lamba ta nuna 800%, ki tsaya daidai kafaɗa. Za ki ga hoton ya zama ƙananan murabba'ai. Ki lura: shuɗin bai ƙare a wuri ɗaya farin ya fara ba. Tsakaninsu akwai layi biyu, uku, wani lokaci huɗu na fiksel waɗanda ba shuɗi ba ne ba kuma fari ba, gauraye ne. Haka kyamara take ɗauka, babu hoton da ba haka yake ba. Magic Wand kuwa launi kaɗai yake dubawa. Yana zuwa da lamba 32 a akwatin da aka rubuta wa Tolerance, ma'ana ya kama launin da kika taɓa da waɗanda suka yi kusa da shi da wannan gwargwado. Sai ya kwashe farin bangon da layin farko, ya bar sauran gaurayen manne da kafaɗa. A kan farin kati ba za ki gan su ba. Ranar da kika ɗora mutumin a kan baƙi ko ruwan hanta, sai su fito fili. In kin ɗaga lambar zuwa 80 don ya kwashe su, sai ya zarce ya cinye farar hula. Ba zai taɓa yin daidai ba, saboda bai san inda mutum ya ƙare ba. Gargadar ma daga nan take, kuma hoton da ya biyo ta WhatsApp yana ƙara ta: JPEG yana matse hoto ne a ƙananan akwatuna na fiksel 8 sau 8, in an matse da yawa sai gefen abu ya yi datti-datti, Magic Wand ya bi dattin nan sawu da ƙafa. Amfaninsa na gaskiya shi ne tambari ko rubutu a kan fili mai launi ɗaya. Ga mutum, ki bar shi.

Kafin ki ɗauki kowane kayan aiki, ki bi gefen mutumin da ido tun daga kai har ƙafa. Ɗauki hoton ango da amarya. Hular ango gefenta tsayayye ne. Kafaɗar shaddarsa da ta sha guga, haka. Gemunsa da sajensa gashi ne, bango yana leƙowa ta tsakaninsu. Ɗaurin kallabin amarya tsayayye ne amma mai lanƙwasa da yawa. Bakin leshinta huda-huda ne. Mayafinta shara-shara, ana hango abin da yake bayansa. Ƙafafunsu kuma suna haɗe da inuwa. Hoto ɗaya ne amma aiki iri-iri ne a cikinsa, kuma marufi ɗaya zai ɗauke su duka, kowane sashe da kayan da ya dace da shi.

Ga tsayayyen gefe babu abin da ya kai alƙalami, wato Pen Tool, wanda yake kan harafin P. Na san shi ne abin da masu koyo suka fi gudu, kuma shi ne na fi so ki ba lokacinki. Layukan da yake ja ana kiransu da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin mota na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da irinsu wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Shi ya sa suke bin kwana sumul: lissafi ne yake jan layin, ba rawar hannu ba. Ko da maus kike aiki, layinki zai fito daidai da na mai allon zane.

Ga yadda yake. In kin danna kawai, kin kafa ɗigo mai kusurwa. In kin danna kika ja ba ki saki ba, ɗigon zai fito da hannaye biyu, su ne suke lanƙwasa layin. Kullum ki ja zuwa inda kika nufa, ba baya ba. Tsawon hannun ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na kwanar da za ki sha. Kuskuren da na fi gani wurin masu koyo shi ne yawan ɗigo: mutum ya jera talatin a kan kafaɗa ɗaya, layin ya fito da ƙusoshi. Kafaɗa daga wuya zuwa dantse ɗigo uku ko huɗu sun ishe ta. Ki kafa ɗigo ne kawai inda layin ya sauya alkibla. In kin iso kusurwa, kamar inda wuyan riga ya haɗu da wuya, ki riƙe Alt ki danna ɗigon ƙarshe, hannun gaba zai ɓace, ki juya yadda kike so. In wani ɗigo ya kauce, ki riƙe Ctrl ki matsar da shi ba sai kin sake ba. Dogon maɓallin tazara kuma, in kin riƙe shi, zai ba ki hannu ki ja hoton gaba ba tare da kin yanke layin ba.

Ki yi aikin a 200% ko 300%, kuma ki bi ta cikin jikin da fiksel ɗaya ko biyu, ba ta kan iyakar ba. Wannan 'yar shigar ita take barin gaurayen fiksel ɗin nan a waje, don haka farin zaren ba ya ma samun hanyar shigowa. Babu wanda zai gane ango ya rage da fiksel biyu. Inda gashi yake, ki zagaye shi da nisa, ki bar masa fili, za a dawo kansa. Da kin dawo ɗigon farko kin rufe, ki shiga akwatin Paths ki danna sau biyu kan layin ki ba shi suna, domin in ba haka ba sabon layi zai iya maye gurbinsa. Daga nan Ctrl da Enter su mayar da shi zaɓi, ki danna maɓallin marufi. Kada ki manta ramuka: tsakanin hannu da ƙugu, tsakanin yatsu, cikin hannun jaka, cikin ɗan kunne mai zobe. Ragowar tsohon bango a hammata shi ne abin da idon mai sana'a yake fara kamawa.

Gefen da alƙalami ya yanka yakan yi kaifi fiye da na hoto na gaskiya. Ki danna marufin, a akwatin Properties akwai Feather, ki ba shi 0.5 zuwa 1, gwargwadon girman hoton. Kada ki ba shi 5 ko 10 don ɓoye kuskure, hazo kawai zai yi wa mutumin. Sannan ki duba: in fuska ce kyamara ta kama sosai, kafaɗar da take can baya ta ɗan dushe, to gefen wannan kafaɗar ma ya kamata ya fi laushi. Ki bi shi da buroshi mai taushi a kan marufin. Ƙa'idar ita ce laushin yankanki ya yi daidai da laushin hoton a daidai wurin.

Don koyo, kada ki fara da mutum. Ki ɗauki hoton buta a tsakar gida. Tana da ciki mai zagaye, da baki mai lanƙwasa, da kusurwa, da rami a hannunta. Duk abin da alƙalami zai tambaye ki yana jikinta. Ki yi ta maimaitawa kina ƙoƙarin rage yawan ɗigo. Daga ita ki koma kwalbar turare, takalmi, mota, sannan mutum mai hula.

Quick Selection, wanda yake zaune tare da Magic Wand a kan harafin W, ya fi shi hankali domin yana neman iyakar abu. Yana da kyau wajen kamun farko da sauri: ki shafa cikin jikin, in ya zarce ki riƙe Alt ki rage. Lasso na kewaye na gaggawa ne. In kina son ganin abin da kika zaɓa da kyau, Q zai lulluɓe wanda ba a zaɓa ba da ja. Waɗannan ba sai na tsaya a kansu ba, yini ɗaya ya isa ki gane su.

Gashi kuwa, da gemu, da tuntun gyale, da gashin yaro da ba a kitsa ba, a CS6 abokin aikinki Refine Edge ne, Ctrl da Alt da R. A sababbin Photoshop tun 2016 an mayar da shi Select and Mask, amma aikin ɗaya ne. Ki sauya kallo zuwa kan baƙi ko fari, ki ɗauki buroshin da yake cikin akwatin, ki bi bakin gashin kaɗai, rabin buroshin a kan gashi rabi a kan bango. Zai raba silin gashi da bangon da yake tsakaninsu. Kada ki bi da shi ta kan hula ko kafaɗa, zai rugurguza gefen da kika sha wahalar gyarawa. Akwai wani ɗan akwati, Decontaminate Colors, da yake wanke launin tsohon bango daga bakin gashi. Yana taimako, amma yana taɓa fiksel ɗin hoton kansu, shi ya sa yake fitar da sabuwar leya, kuma in an cika shi gashin yakan yi kamar an shafa masa fenti. Ki gwada shi daga rabi.

Inda ya gaza, akwai tsohuwar hanya da na fi yarda da ita. Kowane hoto a kwamfuta haɗin launi uku ne, ja, kore da shuɗi, kuma a akwatin Channels za ki ga kowanne shi kaɗai a baƙi da fari. Ki duba su ɗaya bayan ɗaya, ki nemi wanda mutum da bango suka fi rabuwa a cikinsa. In an ɗauki hoton a waje, kan mutum ya faɗa cikin shuɗin sama irin wanda muke samu a Jos bayan ruwa ya ɗauke, na shuɗi ne zai ba ki: sama ta yi fari, gashi da fatarmu su yi duhu. Ki ja shi kan maɓallin kwafi, ki yi aiki a kan kwafin, kada ki taɓa na asali. Ctrl da L, ki matso da kibiyar baƙi da ta fari ciki har gashi ya yi baƙi bango ya yi fari, amma ki tsaya kafin siraran gashin su tsinke. Ki cike cikin jikin da baƙin buroshi. Ctrl da I su juya shi, mutum ya koma fari. Ki riƙe Ctrl ki danna kan kwafin ya zama zaɓi, ki koma RGB, ki koma leyarki, ki sa marufi. Hoton ne da kansa ya zana miki marufinsa, kuma babu hannun da zai zana gashi sili-sili kamar haka.

Mayafin amarya. Dalilin da ya sa kike cinye shi ko ki bar bango a ciki shi ne kina tambayar kanki: nan mayafi ne ko bango? Amsar ita ce duka biyun. Fiksel ɗaya yana ɗauke da launin yadin da launin abin da yake bayansa. Saboda haka ba baƙi ba, ba fari ba, toka yake so.

Ki yanke amaryar gaba ɗaya da alƙalami, ki bi iyakar mayafin ta waje kamar tsayayyen abu. Sannan ki zaɓi sashen da mayafin ya fita daga jikinta, wato inda bango ne a bayansa ba kafaɗa ko kallabi ba, domin kada buroshi ya taɓa jikin. Ki koma kan marufi da baƙin buroshi mai taushi, ki sauke Opacity ɗinsa zuwa 15% ko 20%, ki riƙa shafawa a hankali. Kowace shafa tana ƙara buɗe sabon bangon kaɗan. Inda yadin yake falle ɗaya ki maimaita, ya yi toka mai duhu. Inda ya ninku, da bakin da aka yi wa ɗinki, da duwatsu ko aikin zare, ki bar su da farinsu, domin a zahiri ma ba a gani ta cikinsu. Bambancin nan tsakanin ninki da falle shi yake sa ido ya yarda yadi ne.

Saura launi. In bangon asali kore ne, koren yana nan cikin mayafin. Ki buɗe sabuwar leya a sama, Ctrl da Alt da G su ɗaure ta da ta amaryar don fenti kada ya fita daga jikinta, ki sauya yanayinta daga Normal zuwa Color. Ki riƙe Alt ki ɗebo launin mayafin daga inda yake kan kafaɗa, ki shafe koren da shi. Inuwar ninki za ta zauna, launin ne kawai zai sauya. Akwai kuma gajeriyar hanya in kin yi sa'a. Baƙin mayafi a gaban bango mai haske: ki sa kwafin hoton a ƙarƙashi a yanayin Multiply, haske zai nutse duhu ya zauna. Farin mayafi a gaban bango mai duhu: Screen, akasin haka. Sai ki bar jikin amaryar a leyar sama yadda yake. Amma in an ɗauki hoton a wurin biki, bayan mayafin ga kujeru ga furanni ga kan mutane, to gaskiya ba kowane lokaci ake cin nasara ba. Ko ki zaɓi sabon bango mai duhu da launi kusa da tsohon, ko ki gaya wa mai aikin a kawo wani hoton. Faɗin hakan tun da wuri ya fi a buga kati ɗari biyar amarya ta ƙi raba su.

In kin riga kin yi yanka kuma zaren ya fito, ba sai kin sake ba. Ki danna marufin, ki kewaye wurin da Lasso, ki shiga Filter, Other, Minimum, ki ba shi 1. Yana tsuke farin marufin ciki da fiksel ɗaya. Kewayewar tana da muhimmanci, domin in kin yi wa marufin duka zai cinye gashin da kika tsamo. Kuma kada ki yarda da yankanki sai kin gwada shi: ki sa leyar launi ɗaya a ƙarƙashi, ki mayar da ita baƙa, ki duba, fara, ki duba, sannan ja mai ƙarfi. Abin da ɗaya ta ɓoye ɗaya za ta tona.

Batun sabon Photoshop: gaskiya ne. Select Subject ya shigo a 2018, Object Selection a ƙarshen 2019, kuma suna ƙara kyau. Ina amfani da su, ban ga dalilin da zai sa mutum ya ƙi abin da zai rage masa aiki ba. Amma ki san abin da suke miƙo miki zaɓi ne ko marufi, kuma suna tuntuɓe a daidai irin hotunanmu: farar babbar riga a gaban farin bango, baƙar abaya a bakin ƙofa mai duhu, tsinin ɗauri, bakin leshi, mayafi. Wadda ta iya marufi za ta karɓa ta gyara cikin minti kaɗan. Wadda ba ta iya ba, sai dai ta tura shi haka. Shafukan intanet masu cire bango ma haka suke, kuma na kyautarsu sau da yawa ƙaramin hoto suke bayarwa wanda ba zai ɗauki bugu ba. Sannan ki tuna hoton amaryar mutane amana ce a hannunki. Kafin ki ɗora shi a wani shafi, ko ki sa shi a tallar aikinki, ki nemi izini. Wanda kuma ya zo miki da buƙatar a ɗora kan wani a jikin wani, ko a haɗa mutum biyu da ba su taɓa tsayawa tare ba don a ɓata wa wani suna, ki ce a'a komai kuɗin.

In wata rana ba ki tare da Photoshop, abin da kika koya bai ɓace ba. GIMP kyauta ne, yana da marufi da alƙalami, sai dai a can alƙalamin yana kan harafin B. Photopea kuma a cikin burauza yake aiki, yana buɗe fayil ɗin PSD, kuma tsarinsa ya yi kama da wanda kika sani.

Rabin wahalar nan tun wajen ɗaukar hoto ake kashe ta. In shagonku ne yake ɗauka, ki je kasuwar Taminus ki yanko yadi marar zane mai ruwan toka, domin toka tana rabuwa da farar shadda da baƙar abaya duka. Mutum ya matso daga bangon kamar mita ɗaya da rabi ko biyu, inuwarsa ta faɗi ƙasa ba jikin bango ba. Koren yadi in an tsaya kusa da shi yana watsa kore a kan farin kaya da gefen fuska, sai ki sami sabon aiki. In da waya za a ɗauka, a kashe Portrait, saboda dusashewar da yake yi ta ƙirƙira ce kuma tana cin bakin ɗauri da kunne tun kafin hoton ya iso gare ki. In za a turo ta WhatsApp, a turo shi a matsayin Document, ya zo da girmansa.

Yanka mai kyau ma yakan tonu in haske bai dace ba. In rana ta doki ango daga hagu, kada ki sa shi a bangon da haskensa yake zuwa daga dama. Ki juya bangon. In ƙafafu suna ciki, dole su sami inuwa a ƙarƙashi, 'yar siririya mai duhu daidai inda takalmi ya taɓa ƙasa, da wata mai faɗi marar ƙarfi kewaye da ita, a leyar da take ƙarƙashin mutumin. In babu ita zai zama kamar yana lilo a iska. A katin biki sau da yawa yankewa daga ƙugu ya fi sauƙi kuma ya fi kyau.

Wajen adanawa, PSD shi ne uwar aikin, shi yake riƙe leyoyi da marufi, kuma Ctrl da S su zama miki jiki saboda wuta ba ta sallama. In za ki kai mutumin cikin CorelDRAW, inda yawancin shagunanmu suke haɗa kati da bana, ki fitar da shi a PNG. JPEG ba ya riƙe fili marar launi, zai cike miki shi da fari.

Ki yi lissafin girma kafin ki tura wa mai buga fileks. Hoto mai faɗin fiksel 1000 in aka shimfiɗa shi a bana mai faɗin mita 2, kowane fiksel ya zama milimita 2. Zaren fiksel biyu da ba ki kula da shi ba a fuskar laftof zai fito milimita 4 kewaye da kan mutum, kowa ya gani daga bakin titi. Don haka kafin babban bugu, ki kai aikin girman da za a buga shi, ki yanko sashen kai da kafaɗa da bakin mayafi daidai faɗin takardar A4, ki buga wannan kaɗai a firintar shago, ki fita da shi waje ki duba a hasken rana. In gefen ya yi miki a nan, ki tura.